Tsohon Jirgi, Sabon Ciki

A watan Mayun 1961 mujallar Life ta Amurka ta buga wasu hotuna da suka sa masu karatu riƙe baki. Wani mutum ne zaune cikin ƙaramin jirgi a kan ruwa, sanye da kwat kamar mai shirin zuwa ofis, ana gagara jirgin da ƙaton zarto daga tsakiya. Jirgin ya rabu gida biyu, babu ɓarin da ya nutse. Mutumin ya ta da inji a ɓarin baya, ya ɗaura ɓarin gaba ya ja shi zuwa gaɓa. Sunansa Dick Fisher, jirgin kuwa Boston Whaler ne mai tsawon ƙafa 13, wanda ya fara nunawa a bikin baje kolin jiragen ruwa na New York a 1958.

Fisher ba masunci ba ne. Shi da abokin kasuwancinsa Bob Pierce kayan lantarki suke ƙerawa a jihar Massachusetts. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne wani sabon soso da ake zubawa yana ruwa, ya kumbura, sannan ya daskare. Ya nemi abokinsa Ray Hunt, gwanin zanen jiragen ruwa, suka fitar da siffar ƙasan jirgin. Dabarar ginin mai sauƙin faɗa ce: a zuba ɓawon waje da ɓawon ciki na faiba, a haɗa mazubin biyu a ƙulle, a ɗura ruwan soson a tsakani ya cika ko'ina. Tunda babu wani fili da ruwa zai shiga ya taru, ko an datsa jirgin yana nan a sama kamar ɓarin ƙwarya.

Ita faibar a lokacin ba ta daɗe da shigowa ba. Zaren gilashi ne da ake saƙawa kamar ƙyalle, a jiƙa shi da wani danko mai daskarewa, a shimfiɗa falle kan falle. Ray Greene na birnin Toledo a jihar Ohayo ya gwada ta a jikin ƙaramin jirgi tun 1942, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare ta kori katako daga yawancin masana'antun ƙananan jiragen Amurka. Masu talla suka yi ta rantsuwa da ita. Ba ta ruɓewa, tsutsar teku ba ta huda ta, babu sauran zaman toshe tsakanin alluna duk shekara. Gaskiya suka faɗa, sai dai rabinta. Sauran rabin shi ne ya zama sana'ar dubban mutane a yau.

Kafin a kai ga wannan, sai a dubi tsarin cikin jirgin. Duk wanda ya taɓa hawa kwalekwale mai inji a Yawuri ko a Baga ya san inda direba yake zama, can baya kusa da injin, hannunsa a kan sandar tuƙi. Haka ƙananan jiragen Amurka suke a da. Manyan kuma an kwaikwayi mota ne, sitiyari a gaba ta gefe, gilashin tare iska daga wannan gefe zuwa wancan, goshin jirgin a rufe. Ga mai yawon shan iska da iyali babu laifi. Ga mai fatsa kuwa wahala ce, domin babban kifi idan ya ji ƙugiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Zai yi gaba, ya kewayo, ya kutsa ƙarƙashin jirgi, kuma dole mai sanda ya bi shi duk inda ya nufa, in ba haka ba zaren ya gogu da jikin jirgi ko farfela ya tsinke.

A 1961 kamfanin Fisher ya fito da Nauset, mai tsawon ƙafa 16 da inci 7, ya dasa teburin tuƙi na katakon mahogani a tsakiyar jirgin, ya bar hanya hagu da dama. Direba na tsaye yana hango gaba, nauyinsa a tsakiya, masunci kuma na iya zagaya jirgin baki ɗaya da sandarsa a hannu. Masu ƙananan jiragen aiki sun riga sun yi irin wannan dabara nan da can, amma Nauset ne aka fi ambata a matsayin na farko da masana'anta ta fitar da yawa. A 1973 Montauk ya biyo baya da tebur na faiba, kuma har yau ana ƙera jirgi da wannan suna.

Idan Massachusetts ce ta haifi tsarin, Filorida ce ta yi renonsa. Can mashigar ruwan da ke tsakanin Miyami da tsibiran Bahamas, inda igiyar ruwa kan miƙe tsaye idan iskar arewa ta yi karo da kwararar teku, nan aka gwada ƙasan jirgi iri-iri. A 1958 wani dillalin jirage, Dick Bertram, ya ga wani jirgin Ray Hunt mai ƙafa 23 yana keta ruwa mai hauka a Newport kamar ba komai. Sirrin shi ne ƙasan jirgin mai tsini ne tun daga goshi har baya, kamar bakin gatari, maimakon ya baje a baya yadda aka saba. Bertram ya sa Hunt ya zana masa babba, ya raɗa masa Moppie, laƙabin matarsa, ya shiga tseren Miyami zuwa Nasau na 1960 a rana mai mugun ruwa, ya iso cikin awa takwas, ya bar abokan takara can baya. Daga jikin Moppie aka ɗauki mazubin Bertram 31, daga nan kuma maƙera da yawa suka koma zana ƙasa mai tsini.

Cikin 'yan shekaru unguwannin masana'antu na kewayen Miyami suka cika da warin danko. Aquasport ya fito da jirginsa mai ƙafa 22 da inci 2 a tsakiyar shekarun 1960. Robert Schwebke ya kafa Mako. Carl Moesly, tsohon matuƙin jirgin sama, ya zana wa SeaCraft ƙasa mai hawa-hawa, tsini sosai a tsakiya, yana raguwa zuwa gefe, don jirgi ya yanki ruwa da taushi kuma kada ya riƙa tangal-tangal idan ya tsaya. Ya sayar da kamfanin ga Bill Potter a 1968, kuma SeaCraft mai ƙafa 20 da mai 23 na zamanin Potter su ne har gobe masu neman tsohon jirgi ke bi gida-gida suna cigiya.

To, idan faiba ta kori katako, ina katakon ya shiga? Faiba tana da ƙarfi amma tana lanƙwasa. Falle mai kaurin da zai iya ɗaukar inji shi kaɗai zai yi nauyi, ya yi tsada. Sai maƙera suka riƙa sa filawud a tsakiya suna lulluɓe shi da faiba ciki da waje: a bangon baya inda ake rataya inji, a daɓen da ake takawa, wani lokaci har a haƙarƙarin da ke bin tsawon jirgi a ƙarƙashin daɓe. Muddin lulluɓin bai huje ba, katakon na nan lafiya. Amma wane jirgi ne zai shekara talatin ba a huda shi ba? Notin inji huɗu, ramin magudana, sukurun na'urar auna zurfi, tsani, mariƙin sanda, kowane mai jirgi ya zo ya ƙara nasa, da yawa ko ɗigon abin toshewa ba su sa ba. Ruwa ya bi sukuru ya shiga, ya rasa hanyar fita. Ruwan sama ma ya fi na teku ɓarna a nan, domin gishiri yana rage wa ruɓa ƙarfi. A jihohin arewa na Amurka kuma ruwan da ya maƙale yakan zama ƙanƙara da hunturu, ya buɗe tsaga, baɗi wani ya ƙara shiga.

Shi ya sa mai sayen tsohon jirgi da ya san abin da yake yi ba ya kallon sheƙin jiki, don kada ya yi wa rogo kallon kitse. Ƙaramar guduma mai kan roba yake zuwa da ita. Zai durƙusa a bayan jirgin yana ƙwanƙwasa bangon taki bayan taki, kunnensa a kusa. Inda katako ke da rai, ƙarar tana fita tsaf, guduma ta dawo. Inda ya mutu, sai a ji dum, kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali. Daga nan ya ɗaga ƙafar injin sama, ya ɗora nauyinsa a kai ya girgiza, idonsa a kan bangon. In ya ga yana numfashi, ko wata 'yar tsaga a kusurwa tana buɗewa tana rufewa, magana ta ƙare. In mai jirgin ya yarda, sai a kwance sukuru ɗaya daga ƙasa, ko a yi ɗan huji daga ciki a duba abin da bakin ƙarfen ya fito da shi. Farin gari busasshe albishir ne. Baƙin abu mai danshi kamar ganyen shayin da aka gama dafawa, wani lokaci da ruwa ja-ja yana biyo shi, shi ne abin da aka fi samu.

Ko soson da ya yi wa Fisher suna bai tsira ba. Idan ruwa ya daɗe yana samunsa ta wata kafa, a hankali yakan sha. Kowace lita kilo guda ce, kuma jirgi na iya ɗauke da nauyin mutum biyu ko uku a cikinsa ba wanda ya sani, sai dai a ga ya zauna ƙasa-ƙasa a ruwa, yana shan mai, yana jan jiki kafin ya tashi. Masu wayo sukan ja shi a tirela zuwa ma'aunin manyan motoci, su cire nauyin tirela da inji, su gwada da abin da takardar kamfani ta ce.

Aikin gyaran kansa ba na mai ƙyamar ƙura ba ne. Ana fara kwashe komai, inji da tebur da wayoyi. A saita zarton lantarki daidai kaurin daɓe don kada ya taɓa ƙasan jirgi, a yanke daɓen a ɗaga. Abin da ke ƙasa shebur ake sa masa: jiƙaƙƙen soso mai warin tsohon fetur, da tankin alminiyam da aka binne a cikinsa. Tankin kan yi kyau ta sama, amma idan aka juya shi sai a ga ƙananan ramuka kamar cin zago, domin alminiyam da ya daɗe manne da danshi inda iska ba ta kaiwa yakan ci kansa. Sannan a koma bangon baya, a ɓare ɓawo ɗaya, a sassaƙe ruɓaɓɓen filawud da kurfi har sai an kai ga faiba tsantsa.

Sai gurza. Wannan shi ne wurin da yawancin masu ɗoki ke ajiye aiki, jirgin ya koma bayan gida a lulluɓe da tamfol shekara da shekaru. Sabuwar faiba ba ta kama tsohuwa sai an goge ta da inji ta yi kaushi, ƙurar da ke tashi kuwa gilashi ce. Mutum zai sa farar rigar leda daga kai har ƙafa, ya naɗe wuyan hannu da salatif, ya rufe hanci da ido, cikin zafin Filorida, duk da haka da dare ƙaiƙayi ya hana shi barci. Tsofaffin hannu kan ce a yi wanka da ruwan sanyi, kada a murza.

Da kwali ake fitar da siffar sabon bango, a ɗora a kan allo a yanka. A nan ne tarihi ya yi wa masu gyara gata. 'Yan'uwan nan Gougeon na Bay City a jihar Mishigan, waɗanda suka buɗe shagon ƙera jirgi a 1969, su suka sauƙaƙa wa talaka amfani da dankon ifoksi da kayansu mai suna WEST System, wanda ke kama tsohuwar faiba fiye da dankon da aka gina jirgin da shi. Daga baya aka samu allunan da babu katako a cikinsu, irin su Coosa da ake yi a jihar Alabama, soso ne mai tauri haɗe da zaren gilashi, ya fi filawud sauƙin nauyi kuma ba ya ruɓewa. Akwai masu dagewa a kan filawud mai kyau, suna cewa wanda aka cire ai ya yi shekara arba'in. Ba su yi ƙarya ba, amma ko su sun koyi darasi wajen huji. Yanzu idan za a sa noti, sai a huda ramin ya fi girma, a cika shi da danko ya daskare, sannan a sake huda daidai girman notin a tsakiyar dankon. Ko ruwa ya bi notin, ba zai ga allon ba.

Da gyara ya tsaya a mayar da jirgi yadda yake, da sauƙi. Inji ne ya hana. Jiragen nan an zana su ne don injin mai bugu biyu, irin na ƙaramin janareton da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mara nauyi, mai hayaƙi, mai zubar da wani kaso na mansa a ruwa ba tare da ya ƙone ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa doka da ta fara aiki daga 1998 zuwa 2006 don rage wannan ƙazanta da kashi 75 cikin ɗari, a tafkin Taho kuma an hana tsofaffin injinan tun 1999. Kamfanin OMC, mai Evinrude da Johnson, wanda sunayensa ke bayan da yawa daga cikin jiragen da ake magana a kai, ya yi gaggawar fito da sabuwar fasaha, ta ba shi matsala, ya durƙushe a Disamban 2000. Bombardier na Kanada ya sayi sunayen a 2001, aka ci gaba da Evinrude har Mayun 2020, sannan aka rufe babin sunan da Ole Evinrude ya fara a Milwoki tun 1909.

Injin mai bugu huɗu da ya gaje su ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, yana tsimin mai, amma yana da jiki. Tsohon Yamaha mai ƙarfin doki 90 bai wuce kilo 120 ba, magajinsa mai bugu huɗu ya kai 160 ko fiye. Kilo arba'in a can ƙarshen ƙaramin jirgi ba wasa ba ne. Bayan ya nutsa, ramukan da aka yi don ruwan daɓe ya fita su koma ƙasan ruwa, teku ta riƙa shigowa ta inda ya kamata ta fita, masunci ya wuni da jiƙaƙƙun ƙafafu. Ga shi tsofaffin bangaye an yanke su ƙasa don inji mai ƙafar inci 20, igiyar ruwa na iya haurowa ta baya. Don haka masu gyara sukan ɗaga bangon zuwa inci 25, su ɗaga sabon daɓe kaɗan, su kwashe batura daga baya zuwa ƙarƙashin teburin tuƙi, su matsar da tanki gaba. Wasu sukan rufe bangon gaba ɗaya su ɗaura wa injin wani marataya na alminiyam a waje. Fili yakan ƙaru a ciki, amma nauyi ya ƙara komawa baya, kuma ba jirgi ɗaya ba ne aka kashe wa dukiya ya fito yana tsalle da goshi kamar ɗan akuya. Garin gyaran gira ke nan.

Man fetur ma ya canza a ƙarƙashinsu. Daga tsakiyar shekarun 2000 fetur mai kashi 10 na itanol ya mamaye gidajen man Amurka. Yana jan danshi daga iska, yana cin tsofaffin bututun roba, yana narkar da dankon wasu tsofaffin tankunan faiba ya tura shi cikin inji. Masu tsofaffin Bertram sun sha wannan.

Kayan lantarki kuwa kusan babu abin da ake bari. Koren akwatin Lowrance na 1959 da ke nuna kifi da ɗan haske mai kewayawa ya zama kayan tarihi. Na'urar gano wuri a teku ta Loran da masunta suka cika littattafai da lambobinta ta mutu a Fabrairun 2010 da gwamnati ta kashe tashoshin, kusan shekara goma bayan an buɗe wa farar hula cikakken ingancin GPS a Mayun 2000. Allon zamani mai haɗa taswira da hoton ƙasan teku bai shiga tsohon ƙaramin tebur, sai a ƙera sabo, a kafa masa rumfa a kan ƙafafun alminiyam, a ja sababbin wayoyi masu rufin kuza waɗanda gishiri ba ya saurin ci.

A nan masu abin suka rabu. Mutanen tsohon Whaler, musamman a arewa maso gabashin Amurka, da yawansu ba sa son a taɓa komai. Za su kankare mahogani su shafa masa banish falle bakwai ko takwas, su yi ta neman ainihin shuɗin da ake yi wa cikin jiragen shekarun 1960, har tambarin gefe sai irin na shekarar. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su a aikace. Masu kai baƙi su a gaɓar yammacin Filorida kuwa ɓawon kawai suke so. Sukan ɗauki tsohon Aquasport mai shimfiɗaɗɗen baya saboda yana shiga ruwa mara zurfi, su ƙwaƙule shi tas, su kafa masa hasumiyar hango kifi da rijiyar ajiye ƙananan kifaye masu rai, ya fito ko maƙerinsa ba zai gane shi ba. Na biyun sun fi kusa da niyyar waɗanda suka zana jiragen, domin Moesly da Schwebke kayan aiki suka ƙera, ba kayan ado ba. Amma na farkon ne suka sa har yanzu ana iya ganin yadda abin yake tun asali.

Ta fuskar kuɗi, masu sana'ar ba sa ɓoyewa: wanda ya biya wani ya yi masa aikin daga farko har ƙarshe da wuya ya mayar da kuɗinsa ranar sayarwa. Abin da ke riƙe da kasuwar shi ne inda sababbin suka dosa. Tsarin da ya fara da ƙafa 16 da inji ɗaya ya kai ga HCB Estrella mai ƙafa 65 da inji biyar a 2018, Mercury kuma ya fito da inji ɗaya mai ƙarfin doki 600 a 2021. Malamin makaranta ko makanike da ke son fita teku ranar Asabar ba shi da wuri a wannan layi. Yana da gareji, da injin gurza, da haƙurin shekara biyu.

Ray Hunt ya rasu a 1978, Dick Fisher a 1995. Boston Whaler ya bi hannu da hannu, har kamfanin takalma na Reebok ya taɓa mallakarsa daga 1989, kafin Brunswick ya saye shi a 1996, kuma yanzu a Edgewater ta Filorida ake ƙera shi. Mako da SeaCraft duka sun faɗa hannun Tracker Marine. Ɓawon da suka zuba kuwa ya ƙi ƙarewa, har ya zama wa hukumomi ciwon kai, domin faiba ba ta narkewa a sake zuba ta kamar ƙarfe. A ƙarshen shekarun 2010 jihar Rod Ailan ta fara gwajin niƙe jiragen da aka yasar ana kai garin masana'antar siminti.

Wanda ya kuɓuta daga injin niƙa, akwai wuri ɗaya a jikinsa da mai gyara ke kaffa-kaffa da shi. Tun 1 ga Nuwamban 1972 dokar Amurka ta wajabta wa kowane maƙeri ya buga lamba mai harafi da adadi 12 a saman bangon baya ta hannun dama, ukun farko suna nuna kamfani, na ƙarshe suna nuna lokacin ƙira. Wannan na cikin dalilan da suka sa da yawa ke ɓare bangon daga ciki, su bar ɓawon waje da lambarsa, ko da yin hakan ya fi wuya. Idan aka zo fenti sai a bi wurin a hankali don kada haruffan su cike. Ranar da aka je sabunta rajista, jami'i zai duba wannan kusurwa, ya rubuta 1975 a takardar jirgin da daɓensa da tankinsa da wayoyinsa da injinsa duk na bara ne.